Hannun Raishita

Ruwa kawai Takna ta tashi ɗebowa.

Tande, gangar da mata ke ɗaurawa a bakin turmi, ba ta magana sai an jiƙa fatarta. Tasu kuwa tun la'asar rana ta busar da ita, in an buga sai ka ce faifai ake kaɗawa. Salkar da suka zo da ita ta ƙare, masu dafa shayi sun tsiyaye ta. Ga shi mai shela ya faɗa a lasifika cewa da an idar da sallar magariba matan zangonsu ne za su shiga fili, bayan samarin nan masu jita.

"Aiki wata mana," in ji Assalama, tsohuwar da ke jan masu tafi. "Ke ce makaɗiya, ke ce kuma jakar ɗaukar ruwa?"

"Ƙafata ce ta yi tsami, Inna. Bari in miƙe ta."

"Ƙafa ko zuciya?"

Takna ta miƙe. Ta ɗauki tulu ta bi ta bayan tantuna.

Shekara goma sha ɗaya tana zuwa taron makiyaya na garin Ingal duk ƙarshen damina, kuma ba ta taɓa zama gaban turmi ba tare da ƙanwarta Raishita a kafaɗarta ta dama ba. Takna ke bugawa, Raishita ke ba da waƙa. In Raishita ta ɗaga murya, mahaya raƙuma kan manta da akala, raƙuma su riƙa taka rawa da kansu suna zagaya mata. Ga ta da tsokana. Tsakiyar waƙa sai ta sunkuyo ta raɗa wa yayarta, "Yaya, gero kike daka ko kiɗa kike yi?" Takna ta ƙara zafin hannu tana danne dariya.

Bara, a hanyarsu ta komawa gida, suka shiga wata busasshiyar ƙorama da jakunansu. Ko ɗigo bai sauka a kansu ba, ashe can kan duwatsu an kwana ana ruwa. Ƙara suka fara ji, kafin su waiwaya ruwan ya iso. Takna ta cafki saiwar wata bishiya da hannu ɗaya, da ɗayan kuma ta riƙe Raishita. Ta riƙe. Ta riƙe har ta daina jin yatsunta. Ba ta san lokacin da hannun ya zame ba, ta dai duba ta ga nata babu komai a ciki. Kwana uku maza suna bin ƙoramar, ba su samu abin da za su binne ba.

Bana ba ta so zuwa ba. Matan ne suka yi ta mata naci, don ba su da wata makaɗiya. Sun samo wata matashiya mai murya ta ba da waƙa, kuma ba laifi, ta iya. Amma duk sanda matashiyar ta tsaya a wannan kafaɗa ta dama, sai Takna ta kau da kai.

Tafkin yana bayan wani tudu, ba nisa. Rana ta faɗi, sama ta yi ja kamar garwashi. Ƙasa na warin gishiri da kashin raƙuma da ɗanyar ciyawa. Makiyaya duk sun kora dabbobinsu sun tafi kallo. Daga bayanta tana jin jitar samarin da ihun 'yan kallo, daga gabanta kuma kukan kwaɗi.

Ta durƙusa a bakin ruwa ta nutsa tulun. Yana cika yana ɓul-ɓul.

Kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Ta saurara. Jitar ma babu. Iska ta tsaya.

Sai ta ji tafi.

A hankali ake yin sa, tafin mata da yawa, daidai irin wanda ake yi kafin makaɗiya ta shiga. Daga hagunta yake fitowa, inda ɗazu babu komai sai taɓo da sawun shanu. Ta juya. Mata ne zaune sun yi da'ira, sun kai ashirin, kowace ta ja baƙin mayafi har ƙasan haɓa. A bayansu fararen raƙuma na zagayawa, da sirdi da ado, babu ko mutum ɗaya a kai. Suna ɗaga ƙafa suna saukewa cikin taɓo, ba a jin motsin komai.

A tsakiya ga turmi an ɗaure masa fata, jiƙaƙƙiya sharaf. Ba kowa a gabansa.

Takna ta san waɗanne irin mata ne ke zama bakin ruwa da magariba. Tun tana yarinya aka faɗa mata ba bil'adama ba ne. Ta saki tulun ta miƙe.

Sai aka ɗaga waƙa.

Ba wata doguwar waƙa ba ce, baiti ɗaya ne na kiran mahaya. Amma akwai wani ɗan karyewa da muryar ke yi a ƙarshen numfashi, wanda mutum ɗaya ce tak a duniya ke yin sa.

"Yaya," aka ce a hankali. "Kin daɗe."

Mai maganar tana tsaye a gefen turmin, ta dama. Fuskarta a rufe. Ruwa na ɗiga daga gefen zanenta.

"Raishita?"

"Tun bara muke tafi, ba mai buga mana. Hannuwanmu sun gaji. Zo ki zauna."

"An ce kin rasu."

"Wa ya ga gawata?"

Takna ta ji ƙafafunta na tafiya. Matan suka buɗe mata hanya ba tare da sun ɗaga kai ba. Warinsu ya bugi hancinta, warin tufafin da suka daɗe a ruwa ba su ga rana ba. Ta zauna gaban turmin. Fatar sanyi ƙalau.

Ta buga.

Ba ta taɓa jin tande mai irin wannan murya ba. Sautin yana shiga ƙasa ya dawo ta cikin ƙirjinta. Raishita ta ɗauki waƙar, matan suka amsa da wani gunji mai zurfi, bakinsu a rufe. Takna na bugawa tana kuka. Shekara guda cur ba ta ji daɗi irin wannan ba. Muryar ta sunkuyo dab da kunnenta.

"Gero kike daka ko kiɗa kike yi?"

Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. Ta ƙara zafin hannu.

Sanyi ya kama mata ƙafa. Ba ta duba ba.

Ya hau gwiwa.

Ya kai ƙugu.

Can nesa, kamar daga cikin rijiya, wata shaƙaƙƙiyar murya ta ratso.

"Takna! Ke Takna! Don ubanki fito daga ruwan nan!"

Assalama ce.

Takna ta sunkuyar da kai. Babu turmi. Ruwa take mari da tafukanta biyu. Tana tsakiyar tafkin, ruwa ya kai mata ƙirji, taɓo na tsotsar ƙafafunta. Matan sun kewaye ta, kawunansu kaɗai ke sama, kuma da'irar na matsowa.

Tafin ya tsaya.

Ta yunƙura za ta juya. Hannu ya fito daga ruwa ya kama wuyan hannunta na dama.

Ta san hannun. Ta san siririn ɗan yatsan da ya karye tun suna yara, ya warke a karkace.

"Ina za ki?"

"Sake ni, Raishita."

"Da sanyi a nan, Yaya. Ni kaɗai ce ba ni da kowa."

"Don Allah."

"Bara ma haka kika yi."

"Ban sake ki ba! Wallahi ban sake ki ba, ruwa ne ya..."

"To riƙe ni yanzu."

Ruwa ya taɓa haɓarta. Assalama na ta kururuwa tana jero sunayen Allah, ta shigo har cinya, ta warware mayafinta tana jefo bakinsa. Ya faɗo kusa, ya nutse. Ta ja ta sake jefowa.

Takna ta ce bismillahi. Hannun bai saki ba.

Ta kai hannunta na hagu ta kama ɗan yatsa na farko, ta ɓamɓare shi.

"Yaya."

Na biyu.

"Yaya, ni ce fa."

Na uku. Ruwa ya shiga bakinta, ɗaci da gishiri.

Na huɗu shi ne karkataccen. Ta daɗe a kansa. Muryar ba ta ƙara roƙo ba, kuka kawai take yi ƙasa-ƙasa, irin wanda Raishita ke yi tana ƙarama in an tafi kiwo an bar ta a tanti.

Takna ta rufe ido ta ɓamɓare shi.

Ta cafki mayafin Assalama. Tsohuwar ta ja da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi, har suka zube tare a taɓo. Da suka waiwaya, tafkin na kwance lumui. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Daga bayan tudu mai shela na ta kiran sunan zangonsu, karo na uku.

Ba su shiga fili ba a wannan shekarar. Takna ta yi kwana tara tana zazzaɓi, malami na yi mata rubutu. Da ta tashi, hannunta na dama ya riga ya mutu daga wuyansa zuwa yatsu. Yana ɗaukar ƙwarya, amma ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Ba ta sake buga tande ba. In matan zango suka ɗaura turmi, takan shige tanti ta ce kanta ke ciwo.

Assalama kaɗai ta san abin da ya faru, ita ma ruwa kawai ta gani da mace tana shiga cikinsa. Wata rana suna tsintar ƙaiƙayi a gero, ta dubi Takna ta ga hawaye na sauka cikin faifan.

"Sau nawa zan faɗa miki?" in ji ta. "Ba ita ba ce. Mutanen ruwa ne, aron murya suke yi. 'Yar'uwarki tana wurin Ubangijinta."

"Na sani, Inna."

"To kukan me kike yi?"

Takna ta daɗe tana juya geron da hannun hagu.

"In kuma ita ce fa?"

Assalama ta jawo faifan gabanta ta ci gaba da tsinta.