Injin Ruwan Tsibirin Lunhaw

"Mama, wannan ɗan sandan ya zo mana da ruwa ne?"

Kikay ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, tana riƙe da siket ɗin uwarta. Insifekta Rodel Abellar bai gama saukowa daga jirgin 'yan sanda ba ya ji ta. Ya dubi robar ruwan da ke hannunsa, ya miƙa mata.

Uwar, Jovelyn, ta karɓe. "Na ƙaninta ne, Yallaɓai. Ita tana iya jurewa."

Tun da guguwar teku ta bi ta kan Lunhaw, ruwan gishiri da mushen dabbobi suka cika rijiyoyi. Jiragen agaji kuwa wucewa suke yi zuwa manyan tsibirai, inda 'yan jarida suke. Sau ɗaya wani ya tsaya, ya sauke shinkafa da tamfol da na'urar tace ruwa, aka yi hoto, aka tafi. Aka kafa na'urar a cikin coci, ginin da ya rage da rufi. Ba a jima ba injin da ke juya ta ya ɓace. Yara suka koma ruwan rijiya, amai da gudawa suka shigo. An riga an binne ɗaya, ɗan wata mata Marites. Dodong, jaririn Jovelyn, yana kwance a kan bencin cocin, idanunsa sun faɗa. Ita ce ta riƙa hawa dutse da waya tana neman sabis har ofishin 'yan sanda ya gaji ya turo mutum.

Insifekta ya durƙusa gaban na'urar. Bututu da matata duk suna nan. Notuna huɗu suna jere a ƙasa, babu wanda ya lanƙwashe.

"Wa ya ce ɓarayin waje ne suka ɗauke injin?"

"Ni," in ji wani mai ƙiba da hular kwano. Shi ne Crisanto Balite, shugaban ƙauyen, wanda kowa ke kira Kap. "Mutanen tsibirin can ne, ranka ya daɗe. Tun zamanin kakanni ba sa ƙaunarmu."

"Ɓarawon da ke sauri ba ya jera notuna, Kap. Kuma wanda ke son ruwa da matatar zai tafi. Wannan inji kawai yake so."

Kap ya gyara hularsa.

Mai gadin cocin, Mano Berting, yana zaune a kan kututturen kwakwa. Insifekta ya zauna kusa da shi.

"Ina kake lokacin da aka ɗauki injin?"

"Kusa da shi nake kwana, Yallaɓai. Ko sauro ya sauka a kai ina ji."

"Amma inji ya tashi ya fita ba ka ji ba."

Wata mata da ke shanya kifi ta tuntsire da dariya. "Berting? Ranar guguwar ma sai da aka tashe shi."

Insifekta ya sa ƙafa ya jawo wata kwalba daga bayan kututturen. Giyar kanti ce, takardarta fes, ruwa bai taɓa ta ba.

"A ina ake sayar da wannan a nan?"

"Teku ne ya kawo."

"Teku ya kawo ta da sabuwar takarda? Wa ke zuwa gari?"

Berting ya sunkuyar da kai. "Jirgin Kap ne kawai ke tashi. Amma tsohon injinsa ne, ya tono shi daga yashi ya gyara. Kowa ya sani."

Insifekta ya juya wajen Jovelyn, wadda ke ɗiga wa Dodong ruwa da cokali. "Haka ne?"

Ba ta ɗago ba. "Shi ke raba shinkafa, Yallaɓai. Mai yara biyu ba ta tambayarsa shekarun injinsa."

A hanyar bakin teku wata tsohuwa ta tare shi da sandarta. Lola Insiang ce.

"Kai ne hukuma? To ka nemo mini zakarana."

"Lola, ki bar shi," in ji Kap. "Yara na mutuwa kina zancen kaza."

"Kai ka yi mini shiru, da ni aka yanke maka cibiya. Duk kajin tsibirin nan ruwa ya tafi da su, shi kaɗai ya tsira, don a cikin rigata na sa shi. An bi ni har rumfa an ɗauke."

Kofur ɗin da ke biye da Insifekta ya danne dariya. Shi bai yi ba.

"Wane launi ne, Lola?"

"Fari tas."

"Yaushe ya ɓace?"

"Washegarin ɓatan injin."

Insifekta ɗan masunci ne. Yana yaro ya sha riƙe wa mahaifinsa ƙafafun kaza a bakin ruwa.

"Kap, muje in ga jirginka."

Jirgin yana kan yashi, an sake masa gororin gefe masu hana shi kifewa. Injin yana ciki, an shafa masa shuɗin fenti mai kauri. Mutane suka fara taruwa a nesa.

"Shekara nawa wannan injin yana jirgin nan?"

"Ya fi goma, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa canza shi?"

"Ko sau ɗaya."

Insifekta ya zagaya gaban jirgin. A goshinsa akwai busasshen jini, an shafa shi da yatsa sama da ƙasa. Ya leƙa ƙarƙashin injin, ya ga wani jinin. Ya ciro farin gashi da ya maƙale a fentin, ya ɗaga shi.

"Jinin kifi ne," in ji Kap.

"Kifi mai gashi? Kap, a garinmu ma haka muke yi. Sabon jirgi ko sabon inji ba ya shiga teku sai an yanka masa farin zakara. Tsohon inji ya riga ya sha nasa jinin. Ko an tono shi daga yashi ba a sake yanka masa."

Ya ciro wuƙa ya kankare fentin. Jan launi ya bayyana, irin na sauran na'urar da ke coci. Lola Insiang ta tofar da yawu.

Kap ya zauna a bakin jirgin, ya cire hularsa.

"Aro na yi. Na ce kwana biyu zan mayar. Shinkafar ta kusa ƙarewa, babu mai tuna mu. Na tafi gari na yini a ƙofar ofis, wani yaro ya tambaye ni wai ina ne Lunhaw. A taswirar bangonsu ba mu ciki."

"Ka samo shinkafar?"

"Ban samu ba."

"Amma ka samo kwanon rufi. Na hango gidanka tun daga teku, shi kaɗai ke ƙyalli."

"Na riƙa kai kifi kasuwa. Ina da iyali, Yallaɓai. Berting kuwa na ba shi kwalba ya kau da kai."

"Da ba ka yanka zakaran nan ba, da wuya in kama ka. Me ya kai ka?"

"Ba zan hau teku da injin da bai sha jini ba. Ba a dawowa."

Jovelyn ta matso, Dodong a kafaɗarta. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ka ji tsoron teku saboda ranka, Kap. Ba ka ji tsoron rijiya saboda 'ya'yanmu ba. Kai ka ɗauki akwatin gawar ɗan Marites zuwa maƙabarta, hannunka na warin fenti."

Kofur ya sa wa Kap ankwa. Daga nan ya kira maza biyu su kwance injin su kai jirgin 'yan sanda.

"Ina za a kai shi?" in ji Jovelyn.

"Shaida ce, sai kotu ta gani," in ji Kofur.

"Yaushe kotun za ta zauna?"

"Wataƙila bayan Kirsimeti."

Jovelyn ta miƙa wa Lola jaririn, ta hau jirgin, ta zauna a kan injin. Marites ta biyo ta, sai matar da ke shanya kifi.

"Sai dai ku haɗa da mu."

Kofur ya dubi maigidansa. Insifekta ya daɗe yana kallon Dodong. Sai ya ciro waya ya ɗauki hoton injin ta kowane gefe, ya sa farin gashin a leda.

"Ku mayar da shi coci. In alƙali na son ganinsa, ya zo. Ya ga inda Lunhaw take."

Kafin la'asar ruwa ya fara ɗiga a bututun. Dodong ya sha, bai amayar ba. Aka wuce da Kap ta gaban mutane, babu wanda ya jefe shi, babu wanda ya yi masa sallama. Kikay ta ɗaga wa jirgin hannu har ya ɓace. Tun daga ranar wani jirgin bai sake tsayawa ba.

Kai da ka ga hotonmu, mu mutanen Lunhaw, muna murmushi kusa da na'ura, kada ka ɗauka an gama. Ka tambaya ko tana aiki yau, da hannun wanda take ciki. Ke kuma uwa, in ruwan yaranki ya dogara ga mutum ɗaya, kada ki yi shiru don yana raba shinkafa. Mun yi shirun, ɗan Marites yana ƙarƙashin ƙasa.