Kwantirolar Najiba Ta Ƙi Cin Gado

A cibiyar koyon kwamfuta ta Ƙanƙara Najiba ta fara ganin Mas'ud, kuma da gardama suka soma. Ita 'yar Faskari ce, shi ɗan Sabuwa. An haɗa su gina manhajar da manoma za su riƙa sanar da juna hanyar da ke da lafiya kafin su fita kasuwa.

Shi ya rubuta babbar kwantirola, wato sashen manhajar mai tantance masu shiga, ya ajiye a laburarensa, ma'ajiyar aikinsa a cikin kwamfuta. Tata kuwa tana wani laburaren daban, aikinta ta ci gadon tasa, wato ta ɗauki umarnin da ke cikinta ta yi aiki da shi, amma ta ƙi. Duk shafin da aka buɗe sai ya ce babu shi.

"Taka ce ta lalace," in ji Najiba.

"Tawa lafiyarta lau, Gimbiya. Taki ce mai taurin kai, kamar mai ita."

Ta harare shi, amma dariya ta kufce mata.

Sun sha wuya kafin su gano bakin zaren: laburarenta tsohon kwafin nasa yake kira, Mas'ud kuma ya manta ya shaida wa manhajar ta leƙa laburarenta. Kafin gyaran ya kammala, soyayya ta yi nisa.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Alhaji Mani, ya ce atafau. "Ba ni kai ɗiyata Sabuwa, hanyar da ake tare mutane. Ga Adnan, ɗan aminina, yana Kaduna."

Labari ya kai ga Mas'ud, sai ga saƙonsa: "Na ji batun Adnan. Ba ni ja da Baba. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Ranta ya ɓaci, ta mayar masa: "Wa ya ce ka janye? Ni na ce ina son shi? Turo magabatanka, masoyina, ka bar ni da Baba."

Ta je ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ban taɓa musa maka ba. Amma Faskarin ma an bar ta ne? Ga mu zaune, kai ma ka ƙi barin gonarka. Ni ma ba ni gudu."

Alhaji ya dube ta. "Halina kika ɗauko," ya ce.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Ba al'ada ba ce uba ya raka amarya, amma ranar Alhaji ya shige motar gaba, aka yi lallashi ya ƙi fita. Har ƙofar gidan Mas'ud ya kai ta, ya dafa kanta, ya yi musu addu'a.

"Allah Ya tsare min ku, Ya ba ku zuri'a mai albarka."