Auren da Aka Ɗaura a Gaban Kyamara

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika har babu wurin ajiye ƙafa. Abdulfatah, wani saurayi ɗan Gumel, ya kafa kyamararsa a bakin kara yana ɗaukar raƙuman da aka shigo da su daga Nijar. Sai ga wata budurwa ta tsaya masa a gaba tana gyara mayafi.

"Malama, kin shiga hotona."

"Kai ka shigo kasuwarmu," in ji ta. "Kawar da abinka in wuce."

Bai kawar ba, ita ma ba ta wuce ba. Mahbuba ce, malamar firamare a Ɗanzomo. Kafin la'asar ya san sunanta da garinsu da lambar wayarta. Yaran yanzu ba sa ɓata lokaci.

Da ya koma gida ya rubuta mata: "Habubata, na duba aikin yau kaf. Raƙuma sun fito dishi-dishi, ke kaɗai kika fito tas."

Ta amsa: "Mai kyamara, koma makaranta su maido maka da hankalinka."

Makarantar kuwa ita ce matsalar. Abdulfatah digiri na biyu yake yi a wata jami'a, a fannin shirya fim. Ba za a ba shi shaidar gamawa ba sai ya kawo fim ɗin da ya shirya da kansa, malamai sun zauna sun kalla. Da maganarsa ta isa kunnen mahaifin Mahbuba, Malam Ɗantsoho, sai tsohon ya tsuke fuska.

"Digiri har biyu a kan wasa? Na farkon bai ishe shi ba? Ba na ba ɗan fim 'yata."

Sai Abdulfatah ya yi wata dabara irin ta yaro. Fim ɗinsa a kan bikin ƙauye ne, kuma ba ya son 'yan wasan birni, ya fi son mutanen gari da fuskokinsu na ainihi. Ya ce bari ya sa tsohon a ciki, ya ga da idonsa cewa aikin ba shashanci ba ne. Ya yi ta zarya Ɗanzomo yana durƙuso, har Malam Ɗantsoho ya gaji ya ce to, zai fito a uban amarya. A ango kuwa aka sa Mu'azu, mai jigilar hatsi zuwa Damagaram, don yana da mota da manyan riguna. Mahbuba ta ce wa Abdulfatah, "Ka san Mu'azu ya taɓa nemana na ƙi?" Ya yi dariya, ya ce ai wasa ne.

Ranar ɗaukar ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Ɗantsoho, aka zuba goro, maza suka cika wuri. Sunan amaryar fim Jannatu, na ango Usaini. Duk sanda aka zo wurin, sai tsohon ya cije.

"Ba ni da 'ya Jannatu. Ya zan yi ƙarya a gaban jama'a?"

Aka sake, ya cije. Aka kuma. Rana tana ta sauka, haske na gudu, Abdulfatah na ta kallon sama yana gumi.

"Baba, faɗi duk sunan da ya zo bakinka, zan gyara a kwamfuta."

"To, na ba da 'yata Mahbuba."

Kawun Mu'azu da ke zaune a matsayin wakilin ango ya ce, "Na karɓa wa ɗana Mu'azu." Aka ambaci karsana a sadaki, aka shafa fatiha. Abdulfatah ya tafa hannu, wai ya yi kyau.

Washegari da safe aka tarar da karsana a ɗaure a ƙofar gidan Malam Ɗantsoho.

Mahbuba ta kira Abdulfatah a waya. "Mu'azu yana ta faɗa a tasha wai ni matarsa ce. Abdul, me ka yi mana?"

Liman Habibullah, wanda ba ya gari ranar, ya ji bayani ya girgiza kai. "Uba ya bayar da bakinsa, wakili ya karɓa, ga shaidu, ga sadaki. Aure ba ya cikin abubuwan da ake wasa da su. Ni dai ba zan ɗaura wani a kansa ba, sai Mu'azu ya sake ta da bakinsa."

Daga ranar Abdulfatah bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Yau yana Gumel wurin wani malami, gobe Gagarawa, jibi Sule Tankarkar a bayan ɗan acaɓa, yana neman wanda zai ce masa babu komai. Wani ya ce auren bai ɗauru ba, wani ya ce ya ɗauru, dukansu kuma suka ƙare da magana ɗaya: kada ya shiga gida da shakka. Ya rame. Ita ma alli ya riƙa faɗuwa daga hannunta a aji. Malam Ɗantsoho ya daina fita masallacin ƙofar gida don kunya.

A ƙarshe liman ya tara su a zaurensa. Mu'azu ya zo da hularsa a karkace.

"Zan sake ta," in ji shi. "Ba na zama da wadda ba ta ƙaunata. Amma kai Abdulfatah ka ɗauke ni da babbar riga daga farkon fim har ƙarshe. Gobe a haska ni a Kano, duk tashar da na shiga direbobi su ce ga ango babu amarya? Goge shi duka a gabana, in furta."

Ranar kai fim ta matso, kuma malamin Abdulfatah na jami'a ya riga ya gaya masa wanda bai kawo ba sai baɗi. Abdulfatah ya nemi a ba shi zuwa bayan azahar. Ya fita ya zauna ƙarƙashin darbejiya, sai ga saƙon Mahbuba:

"Hasken idona, ba zan ce ka goge ba. Na ga wahalar da ka sha a kansa. Duk abin da ka zaɓa ba zan riƙe ka a zuci ba. Amma ina jin tsoro."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya rubuta: "Daina jin tsoro, Habubata." Ya koma zauren tun ba a kira salla ba.

Ya goge na cikin kyamara, Mu'azu na leƙe. Ya buɗe kwamfuta ya goge. Mu'azu ya gyara zama zai yi magana, Abdulfatah ya ɗaga hannu.

"Dakata. Akwai wanda na ajiye a intanet."

Ya shiga ya goge shi ma.

Malam Ɗantsoho ya dube shi. "Wannan na ƙarshen, wa ya san da shi?"

"Babu kowa, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Mu'azu ya furta saki, aka kwance masa karsanarsa. Liman ya ce tunda ba ta tare ba, babu idda a kanta. Mutane sun fara miƙewa, sai Malam Ɗantsoho ya ce, "Kai yaro, gaya wa magabatanka su zo."

Bayan girbi aka ɗaura auren Abdulfatah da Mahbuba a Ɗanzomo. Abokan karatunsa sun karɓi digirinsu a shekarar, shi ya koma ya fara daga farko, amaryarsa na taya shi rubuta sabon labari in ta taso daga makaranta. Har yau in ta so tsokanarsa sai ta ce ita fa bazawara ya aura.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana, shi kuma ya ba shi digirin nan ya huta.