Faifan Da Ya Ƙi Fita

Hannun Auta na kan maɓallin sauti lokacin da muryarsa ta cika motar.

"Sanyin idona... duk waƙar da ke cikin faifan nan, ke na tuna na zaɓe ta."

Sukudireba ta suɓuce daga hannunta.

Mai motar, wata doguwar budurwa da ta zo shagon Baba, mahaifin Auta, tun da safe wai tsohon rediyonta ba ya karanta faifan MP3, ta gyara zama tana murmushi.

"Wanda zan aura ne ya haɗa min. Mai ɗura waƙoƙi a bakin kasuwa. Kin san shi?"

Auta ta san shi mana, saurayinta ne. Shekara biyu suna tare. A kansa Baba ya yi wata guda yana amsa gaisuwarta a daƙile. A kansa ta haɗiye maganar mahaifiyarsa, wai ɗanta ba zai auri mai kwanciya ƙarƙashin sitiyari a tsakiyar maza ba.

Muryar ta ci gaba.

"Waccan mai gyaran rediyon kada ta dame ki, motata kawai take duba min. Mama kuwa, yadda na juya ta haka take juyuwa..."

Sai a lokacin Auta ta gane ba gyara ya kawo budurwar ba. Idonta ya sauka a kan ɗan gilashin sabon rediyon da ta ɗaura, inda sunan waƙoƙin ke wucewa.

"Karanta nan."

Budurwar ta leƙa. AUTA 1. AUTA 2. AUTA 3.

"Nawa ya kwafa miki. Ko sunan bai iya canzawa ba."

Murmushin ya ɗauke ɗif. Budurwar ta zare faifan, ta wurgar ta taga, ta ja motarta.

Auta ta tsince shi, ta goge da bakin rigarta.

Kwana biyu sai ga saurayin nata ya zo yana fara'a, sifika ɗaya na ƙara a motarsa.

"Albishirinki, masoyiyata. Mama ta sauko, jibi za mu fita mu uku."

"Allah ya kai mu. Bar min motar, ka dawo da yamma."

Awa biyu ta yi kwance a ƙarƙashin sitiyari. Ta kashe maɓallin fitar da faifai, ta kashe na rage sauti da na kashewa, ta ja wuta kai tsaye daga batir. Baba ya tsaya a kanta yana kallo.

"Wayar nan ba wurinta ba ne, Auta."

"Na sani, Baba."

Ya daɗe yana duban fuskarta. Sannan ya miƙo mata salatif.

Ranar fitar, mahaifiyarsa na gaba, Auta na baya. Sai da suka shiga tsakiyar cunkoson motoci ta miƙa faifan.

"Saka mana wannan. Mama za ta so shi."

Ya tura shi yana dariya.

"Sanyin idona..."

Dariyar ta maƙale. Ya danna maɓalli, ya sake dannawa. Ya murɗa sauti. Ya kashe motar gaba ɗaya, na baya suka dame shi da ham, muryar ba ta ko girgiza ba.

"...yadda na juya ta haka take juyuwa..."

Mahaifiyarsa ta juyo a hankali.

"Ke kika yi wannan, ƴar nan?"

"Wayoyin ni na haɗa, Mama. Muryar kuwa kin fi ni saninta."

"Auta, don Allah..." Zufa ke keto masa. "Wasa ne, wallahi ke kaɗai ce a raina. Ki rufa min asiri, zuciyata..."

"Da na so ka, har ubana na ɓata wa rai. Yau kai ma ka ɗanɗana."

Ya kai hannu zai fizge rediyon. Mahaifiyarsa ta riƙe masa wuyan hannu gam.

"Bar shi. Ina so in ji ƙarshensa."

Auta ta buɗe ƙofa ta fita. Muryar ta biyo ta ta taga, masu babur na waiwayowa suna dariya. Ta ratsa tsakanin motoci, kanta a sama.

Sai da ta sha kwana hawayen suka ƙwace mata. Ta bar su suka zuba, amma ƙafarta ba ta tsaya ba.