Wa Ya Kaɗa Garayar?

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Asabar aka shigo da Kawu Manu ofishin 'yan sanda na Rano. Samari biyu ne suka riƙo shi, rigarsa ta yage a kafaɗa. Bayansu ga Mujahid, mawaƙin da duk gari ke zancensa.

Sufeto Nata'ala ya ajiye biro. "Ku cika shi, dattijo ne. Me ya faru?"

"Yallaɓai, garaya aka sace mana a situdiyo," in ji Mujahid. "Kuma ƙarfe huɗu masu fim za su iso."

Sufeto ya san maganar. Waƙar Mujahid, "Hanyar Fassi", don wani fim aka yi ta, ta haɗa jita mai lantarki da ganguna da kiɗan garaya. Makon jiya ta ci kofin waƙar fim a Kano, yau kuma za a kaɗa ta a gaban jama'a.

"Wa ya ce wannan bawan Allah ne ya sace ta?"

Wani dogon saurayi mai farar riga ya matso. "Ni ne, Yallaɓai. Shitu, mai haɗa sauti. Ni na kaɗa garayar a waƙar. Jiya ya zo yana ta faɗa wai tasa ce."

"Tawa ce," Kawu Manu ya ce, bai ɗaga murya ba. "Aro Shitu ya karɓa a rugata, wai za a yi hoto. Shekara guda ke nan."

"Ƙarya yake!" in ji Shitu.

"Kai, yi min shiru." Sufeto ya miƙe. "Kawu, sai ka yi haƙuri ka zauna nan. In ba a ga kayan ba, dole kotu ranar Litinin."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Shanuna na can rugata a Fassi ba mai kula, ɗana. Kuma in aka ji an rufe ni kan sata, da wane ido zan shiga kasuwar Kibiya?"

Situdiyon shago ne guda a bakin titi. Sufeto ya duba kwaɗo, lafiyarsa ƙalau. A ciki ga kwamfuta, ga jita, ga kofin yana ƙyalli a kan tebur. Ƙusa ɗaya ce kawai a bango babu komai a jikinta.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Mujahid. "Nawa da na Shitu."

"Jiya na manta ban kulle ba," Shitu ya yi saurin cewa. "Da safen nan na tarar da ƙofa a buɗe."

Sufeto ya fito waje. Ya tsallaka titi wajen wata mai ƙosai da ke kwashe kaskonta.

"Iya Kulu, barka da aiki. Tun yaushe kike nan?"

"Tun da aka sallame Asuba, Yallaɓai."

"Kin ga wanda ya shiga can?"

"Ni idona na kan mai, kar ya ƙona ni. Amma kunnena ya ji. Babur ya wuce ta lungun baya, wani abu na ta ƙara, cas-cas-cas, har ya yi hanyar Yalwa. Na ce yau kuma wa ke tallar ƙarau da sassafe?"

Da suka koma ofis ƙarfe ɗaya ta gota. Sufeto ya ja kujera kusa da tsohon.

"Kawu, mene ne ke ƙara cas-cas a jikin garaya?"

"Ƙarfen kanta ne, mai 'yan zobba. Shi ke ba ta amo."

"In za ka yi tafiya da ita fa?"

Kawu Manu ya dube shi da mamaki. "Ai zare shi ake yi a sa a aljihu. Ƙarfe ne marar kauri, ko reshe ya taɓa shi ya lanƙwashe, amonsa ya tafi. Ba makaɗin da zai yi taku uku da shi a jiki."

"Ka iya tuƙa babur?"

"Ko keke ban taɓa hawa ba."

Sufeto ya aika aka aro garaya wajen wani maharbi a bayan kasuwa. Ya ɗora ta a cinyar Shitu.

"Bismillah. Farkon waƙar kawai."

"Yallaɓai, ba irin wannan na saba da ita ba."

"Tsirkiya biyu ce, kamar waccan. Kaɗa."

Shitu ya taɓa tsirkiya. Wani sauti ya fito kamar an taka kwano. Ya sake taɓawa, gumi na zuba a kan fatar. Mujahid ya zuba masa ido, bakinsa a buɗe.

Sufeto ya ɗauke garayar ya miƙa wa tsohon. Kawu Manu ya gyara tsirkiya da babban yatsa, ya lumshe ido. Kafin ya kai ƙarshen zubi na farko, har ɗan sandan da ke zaune a kantar ofis ya daina rubutu. Ita ce, "Hanyar Fassi", tiryan-tiryan.

"Shitu," Mujahid ya ce a hankali, "ina Kano ka turo min kiɗan nan, ka ce kwana bakwai ka yi kana koyo."

Shitu ya rufe fuska da hannuwa. "A rugarsa na naɗa, shi ne ya kaɗa. Ban zaci waƙar za ta kai ko'ina ba. Da aka ce yau a gaban mutane zan kaɗa, sai na rasa yadda zan yi. Na ce in ba garaya, ba kiɗa."

"Sai ka ɗora wa mai ita sata," in ji Sufeto. "Tana ina?"

"Yalwa. Cikin rumbun gidanmu."

Ƙarfe uku da kwata aka kawo ta, ƙaiƙayi duk ya manne mata. Aka sa wa Shitu ankwa, aka wuce da shi ciki, bai ɗago kai ba.

Mujahid ya durƙusa. "Kawu, ka yafe mana. Mota na waje. Sunanka zan fara kira kafin nawa."

Tsohon ya karɓi garayarsa. Ya hure ƙaiƙayin, ya shafa fatar, sannan ya zare ƙarfen ya duba shi a haske. Ya ɗan lanƙwashe. Ya miƙar da shi da yatsa, ya sa a aljihu.

"Mu je," ya ce. "Amma a mayar da ni kafin magariba, ban shayar da maruƙa ba."