Ruwan da Muka Tura Ƙasa

Mutane suna cewa yawan karatu ne ya taɓa kan Injiniya. Ku rabu da su. Ni na san abin da ya faru, domin ni na riƙa ɗaukar masa kwalbar, kuma yau shekara shida ke nan ban iya haɗa ido da dangina ba.

Injiniya mijin yayata ne. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi kuma ya ɗauke ni aiki da na gama karatun ilimin duwatsu. Sana'armu ba da shawara ce ga kamfanonin da rijiyoyin mansu suka tsufa. Rijiya in ta daɗe ana zuƙarta ƙarfinta yakan mutu, alhali da sauran mai maƙale cikin dutse. Sai a tura ruwa ta wata rijiyar, ya bi ƙarƙashin ƙasa ya koro man zuwa ɗayar. Sanin inda za a tura da yawan da za a tura, shi muke sayarwa.

To, sau uku a jere Injiniya ya ba da shawara, sau uku rijiyoyi suka yi kunnen ƙashi. A taron ƙarshe wani manaja, sa'an ɗansa, ya ce a gaban kowa tsofaffin rijiyoyi suke so a farfaɗo musu, ba tsofaffin injiniyoyi ba. Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, ya naɗe taswirarsa. Wallahi ba yunwa ke damunsa ba, gida yana da shi, mota yana da ita. So yake in ya shigo ɗaki a miƙe masa tsaye.

Wata Talata da tsakar rana ya ce, “Auta, taso ka raka ni.” Sunan da Yaya ke kirana ke nan, ya ara don tsokana har ya bi bakinsa.

Bayan wani wurin tara tsofaffin ƙarafa muka shiga wani ɗaki marar taga. A tsakiyarsa akwai busasshiyar rijiya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Tuluna bakwai a kife jikin bango, sama da su ƙahoni da guga na fata wanda ya bushe ya ƙandare. Ƙarnin jini da hayaƙin turare suka cika ɗakin. Ashe wurin boka ne, siririn mutum, rigarsa fes, leɓunansa a tsattsage. Bai tambayi sunanmu ba, cewa ya yi a bayyana masa aikin. Injiniya da son bayani, har da zane a ƙasa da makullin mota.

Boka ya yi murmushi. “Ashe sana'armu ɗaya. Ku ma kun san ƙasa ba ta sakin abu sai an cike mata gurbinsa. Ruwanku ne dai ba ta so.”

“Wanne take so?”

“Wanda wani naka ya sha ya rage. Jininka, ko mai kwana ƙarƙashin rufinka. Rijiya ɗaya, mutum ɗaya.”

Injiniya ya yi tayin bijimi, ya ƙara da raƙumi. Boka ya ce dabba ba ta san shi ba. Sai Injiniya ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, me zai sami wanda ya sha ruwan.

“Kai ne masani. Ruwan da kuke turawa, ina yake zuwa?”

“Ƙasa.”

“To, ka ba kanka amsa.”

Injiniya ya ciro guntun dutsen da aka yanko daga cikin wata tsohuwar rijiya. Boka ya shafe shi da jini daga wani ƙoƙo, ya sa shi ya tofa masa yawu sau uku, sannan ya sake shi cikin ramin. Muka kasa kunne, ba mu ji faɗuwarsa ba. Can sai wani sauti ya taso, irin na mutum yana haɗiyar ruwa. Ɗalibin shekarar farko ma ya san ruwan da aka tura, komai daɗewa, yakan ɓullo ta rijiyar da ake ɗibar mai. Mu biyu da digirorinmu babu wanda ya tuna.

Da Baba aka fara, mahaifin Injiniya, wanda ya haura tamanin. A mota Injiniya ya ce ai tsohon ya ci zamaninsa, ni kuwa na yi kamar ina duba waya. Ni ke da izinin shiga filin mai da kwalaben gwaji, don haka na manna wa kwalbar ragowar ruwan Baba lamba, na juye ta a bututun da ke tura ruwa. Kafin mako uku rijiyar da ake shirin toshewa ta ninka abin da take bayarwa sau huɗu. Na zauna na rubuta rahoto mai shafi sittin, na ƙirƙiro dalilan da ni kaina ban yarda da su ba, na sa hannu.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Ofis ya koma bene, ana aiko jirgi a ɗauki Injiniya, manajan nan da kansa yake buɗe masa ƙofa. Ni ma na sha romo, ba zan ɓoye ba, har mota na canza.

Baba kuwa ƙishirwa ta kama shi. Ya sha, ya sha, leɓe na tsagewa, fata na manne wa ƙashi. Likitoci suka ce ciwon suga, gwaji ya ce babu. Kwana arba'in ya rasu da kofi a hannu. Muka ce tsufa ne.

Kwalba ta biyu ban tambayi ruwan wane ne ba, don kada a gaya mini. Wata biyu bayan nan muka binne babban ɗansu, saurayin da bai taɓa kwana asibiti ba.

Na yi zaton an gama. Amma wani babban kamfani ya zo da filinsa, kuma rijiya ta tara a filin ta ƙi motsi. Injiniya ya ajiye kwalba a kan teburina. Da na ɗaga ta sai na ga ƙwayar lemun tsami kwance a gindinta. Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ta shan ruwa sai ta matsa lemun tsami.

Na ce, “Ruwan Yaya ne.”

Bai kalle ni ba. “Sa lamba ka kai, Auta. Kai da iliminka ka yarda ruwan kofi na kashe mutum?”

Da wannan maganar na lulluɓe kaina har bakin bututu. Ma'aikata na tsaye suna jirana, na ji nauyin su ga na juya ba dalili. Kunyar leburori huɗu na ji, ban ji ta matar da ta goya ni ba. Na juye.

Ni na yi jinyarta. Ranar ƙarshe ta riƙe hannuna, harshenta ya bushe har magana na yi mata wuya, ta ce, “Auta, ba ni ruwa. Kai kaɗai ka rage mini.” Na ba ta. Har albarka ta sa mini.

Ba a yi wata uku ba ruwa ya dawo. Rijiyoyin nan uku suka daina ba da mai rana ɗaya, sai baƙin ruwa mai ɗoyi. Kamfanoni suka kore mu, ofis ya rufe. Injiniya ya fara cewa yana jin ana haɗiya cikin bututun gidansa. Ya fasa famfuna da guduma, ya tone tsakar ɗaki yana kiran Baba da ɗansa. Yanzu yana yawo bakin titi da kwalba babu komai ciki, duk wanda ya gani yana shan ruwa sai ya durƙusa yana roƙonsa ya shanye duka, kada ya rage.

Kafin a karɓe izinina na je rijiya ta tara na ɗebi ruwan gwaji na ƙarshe. Ruwan nan ya ratsa dutse mai zurfin kilomita biyu, ya wuce matatai uku da ko yashi ba ya wuce su. Na ɗaga kwalbar a hasken rana, ga ƙwayar lemun tsami a gindinta.

Kai da ke ganin an raina ka a wurin aiki, zuciya na raya maka gajeriyar hanya, ka ji tsoron Allah ka tsaya inda iliminka ya tsaya. Wanda zai ba ka ɗaukaka cikin mako uku, a gidanka zai ɗebi farashinta, kuma sai ya fara da wanda ya fi yarda da kai. Kai kuma mai rakiya, kada ka ce ai kai kwalba kawai ka riƙe. Ni ma haka na ce. Ƙwayar tana cikin aljihuna har yau, kuma ban ƙara kai kofi baki ba face na ji muryar Yaya.