Marainiyar Gonar Brenna

Wayyo duniya! Ranar da motar mahauta ta shigo gonar Brenna, Torunn ba ta san lokacin da bokitin madara ya suɓuce daga hannunta ba. Shanu tara ne, kowacce da sunanta, ita ke tatsar su safe da yamma tun tana 'yar shekara goma sha biyu, tun shekarar da itace ya faɗo wa mahaifinta Halvard a daji, baƙin ciki kuma ya ɗauke mahaifiyarta kafin shekara ta zagayo... Ga ta yanzu da shekara ashirin, tsaye cikin sanyi, tana kallo ana jan su ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawar wuyansu na kaɗawa.

"Baffa, don girman Allah ka bar ko guda ɗaya... Baba ne ya raine su!"

Oddvar, ƙanin mahaifinta da ya karɓe gonar da sunan riƙon marainiya, ya yi tsaki. "Ke dai baƙauya ce! An ba garin Lillehammer wasannin Olamfik na hunturu, duniya kaf za ta zo ƙofar gidanmu, ke kina zancen kashin shanu? Taku ɗaya na ƙasar nan sai ya fi saniya tsada!"

Allah sarki kwarinmu na da! Da rani ƙamshin ciyawar da aka yanka ya cika ko'ina, a zauna a gindin itace da gahawa da burodi da cuku, tafkin Mjosa na sheƙi daga ƙasa, babu mai kulle ƙofa. Amma daga ranar da aka yi sanarwar wasannin nan a rediyo, sai ka ce an zuba mana wani abu a ruwan sha. Mutanen babban birnin Oslo masu jakar hannu suka cika hanya suna auna filaye, maƙwabci ya daina tambayar lafiyar maƙwabci, sai dai nawa aka taya masa. Oddvar kuwa ya fi kowa zaucewa. Ya sare itatuwan bakin rafi, ya zuba tsakuwa a makiyaya, ya ce ɗakunan katako ashirin zai gina wa baƙi.

Sai dai banki ya ce ba zai saki kuɗi cikin natsuwa ba sai an kawo takarda ɗaya. A ƙasarmu gonar gado tana da odel, wato haƙƙin jini: in ta fita daga hannun dangi, ɗan gidan yana da ikon fanso ta. Torunn kuwa 'yar ɗan fari ce, don haka ita ke riƙe da wannan haƙƙin. Oddvar ya ajiye takardar a teburin cin abinci, ya turo mata biro.

"Sa hannu nan, kin yafe odel ɗinki."

Hawaye suka zubo mata. "Baffa, ka sa ni kowane aiki zan yi. Amma wannan... shi kaɗai Baba ya bar mini."

"Butulu! Ni na ciyar da ke shekara takwas! To tattara tsummokaranki."

Bai tsaya nan ba, kaico! Ya bi gari yana cewa ita ke tuge turakun masu awon fili, wai baƙin ciki take yi da ci gaban gari. A lokacin kuwa wanda duk aka ce ba ya son wasannin nan, tamkar ya zagi tutar ƙasa ne. A coci aka riƙa matsawa daga bencin da ta zauna, a kanti a amsa gaisuwarta da hanci. Tsohuwa Gunvor ce kaɗai, maƙwabciyarsu mai kaifin baki, ta buɗe mata ƙofa.

"Shigo 'yar nan, share hawayenki. Na san Oddvar tun yana fitsarin kwance. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Inna, me na yi wa mutane?" in ji Torunn. "Ya Ubangiji, Kai ne gatan maraya, Ka dube ni..."

Shekara biyar tana wanke tukwane a masana'antar cuku, hannuwanta duk sun tsattsage, kullum motar haya na wucewa da ita ta gaban Brenna, ta kau da kai tana kuka. Oddvar ya samu wani mai ba da rance da bai damu da takardar ba, ya gina ɗakunansa, ya sayi doguwar mota. Wasanni suka zo, kuma gaskiya sun yi kyau, har yau in na tuna sai ƙwalla ta cika mini ido: sama garau, dusar ƙanƙara fara fat, tutoci, waƙe-waƙe, sanyi kamar ya tsinke kunne amma kowa na dariya. Kwana goma sha shida cif! Daga nan baƙi suka hau jirgin ƙasa suka tafi, suka bar mu da gadaje fiye da mutanen garin. Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ɗakunan Oddvar babu ko kare. Bashi ya ci Oddvar, aka yi gwanjon gonar, wani ɗan kasuwa daga Oslo ya saye.

Gunvor ta shigo da gudu, gyalenta a hannu. "Tashi! Gona ta fita daga dangi! Ba ki sa hannu ba, ko kin manta?"

Torunn ta kai ƙarar fansa. A gaban alƙali Oddvar har da dariyar mugunta, ya ce mai wankin tukwane ina za ta samo kuɗin fili irin wannan? Abin da ya manta shi ne masu ƙiyasta kuɗin fansa ba mafarkinsa za su auna ba, ƙasar za su duba da abin da take iya bayarwa. Suka zaga, suka ga tsakuwa da ɗakunan da ba mai haya, suka yanka farashin da ajiyar Torunn da ɗan rancen manoma suka isa. A nan ne kuma wani tsohon ma'aikacin Oddvar ya miƙe ya ce Oddvar ne ya sa shi ya tuge turakun nan, don a ƙara faɗin fili ta gefen rafi. Masu matsawa daga bencinta a coci suka sunkuyar da kai, alƙali kuma ya mayar wa Torunn gonar.

Ranar Asabar gari ya fito gayya, da guduma da tarakta, ana kwance ɗakuna ana kwashe tsakuwa, mata na zuwa suna riƙe hannun Torunn suna neman gafara. Can sai ga Oddvar a bakin ƙofa da akwati ɗaya, ya tsufa, ya rame, babu mota babu aboki.

"Torunn... ba ni da wurin zuwa."

"Oho!" in ji Gunvor. "Duniya kaf da ka gayyato fa, ba wanda ya ba ka masauki?"

Torunn ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta, don duk lalacewarsa idanun mahaifinta ne a fuskarsa. Ta juya ga masu aiki ta ɗaga murya.

"Ku bar ɗakin ƙarshen can, kada ku rushe." Sannan ta karɓi akwatin daga hannunsa. "Mu je Baffa. Ba sai ka sa hannu a komai ba."